Takardar Da Maimunat Ta Ƙulle A Bakin Zane

Akwai wani manomi a wani ƙauye can gefen Makoɗa, sunansa Malam Dabo. Shekara biyu yana fama da ciwon gwaiwa, har ta kai ko fartanya ba ya iya ɗagawa.

Sau biyu ana sa masa ranar tiyata ana ɗagawa. Na farko babu mai a janareta, na biyu likita bai zo ba. Ga damina ta ƙarato, kowa ya gyara gonarsa, tasa tana nan da kararen bara. In aka sake ɗagawa, noman bana ya wuce shi ke nan.

A karo na uku wansa ne ya kawo shi, Alhaji Zubair, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Alhaji mutumin kirki ne, amma irin manyan nan ne da in suna wuri, bakin kowa ya mutu. Matar Dabo, Maimunat, ta raɓe a bayansu.

A ƙofar ɗakin tiyata wata nas mai suna Asiya ta tare su da takarda. Tambayoyi ne a jere, kuma ba a shiga da mara lafiya sai an amsa kowace an yi mata alama.

"Malam, sunanka? Wane ɓangare za a yi wa aiki? Ka ci wani abu yau?"

Kafin Dabo ya buɗe baki, Alhaji ya amsa duka.

"Akwai maganin da jikinka ba ya so?"

"Babu!" in ji Alhaji. "Ke yarinya, ɗazu an yi mana tambayoyin nan. Ni na goya shi, me zai same shi ban sani ba? Ku shiga da shi kafin janaretanku ya sake mutuwa."

"Alhaji, ka yi haƙuri, daga bakinsa nake son ji."

Dabo ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda Yaya ya faɗa, haka ne."

Wallahi wannan hali namu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum za a yanka cikinsa, amma kunyar babba ta hana shi magana a kan jikinsa!

Likita ya leƙo ya ce mutum huɗu na jira. Alhaji ya hau faɗa, wai an mayar da su yara. Ran Asiya ma ya ɓaci, don tun safe ko ruwa ba ta sha ba. Saura ƙiris ta yi alama ta wuce, sai ta lura Maimunat tana ta murza bakin zanenta, ta ɗago kai ta sake sunkuyarwa.

Asiya ta ce, "Alhaji, a Dawanau kana sayen buhu don mai shi ya rantse? Ko sai ka soka ƙarfe ka ga abin da ke ciki?"

Ta ja hannun Maimunat zuwa bayan labule.

"Baiwar Allah, mu biyu ne. Faɗa mini."

Maimunat ta kwance ƙullin zanenta, ta fito da wata tsohuwar takarda da ta yi laushi saboda naɗi.

"Shekara shida ke nan, maigidan ya sare ƙafarsa a gona. Aka yi masa allura, nan take fuskarsa ta kumbura, numfashi ya gagara. Da ƙyar aka ceto shi. Ma'aikacin ya rubuta mana wannan, ya ce duk asibitin da muka je mu nuna. Lokacin Yaya yana Makka, maigidan kuma ya ce kar a tayar wa Yaya da hankali."

"To me ya hana ki nunawa?"

"Yaya yana magana, ni zan ƙaryata shi? Kuma maigidan ya ce in na faɗa za a sake ɗaga aikin."

Asiya ta karanta takardar. Maganin da ke rubuce dangin wanda aka riga aka zuƙa a sirinji ne, wanda za a yi wa Dabo kafin a fara aiki.

Ta kai wa likita, ya gani, ya yi salati. Aka zubar da wancan, aka kawo wani. Duk abin bai ɗauki minti goma ba. Aka yi aiki lafiya a ranar, ba a ɗaga komai ba.

Da aka fito da Dabo, likita ya miƙa wa Alhaji takardar, ya gaya masa abin da ya kusa faruwa. Alhaji ya nemi benci ya zauna, hularsa a hannu. Ya daɗe yana kallon ƙaninsa da ke barci, sannan ya ce a hankali, "Ashe da bakina na so in kashe shi."

Ya juya wajen Maimunat, ya mayar mata da takardar da hannu biyu.

"Riƙe abinki. Gobe in an yi tambaya, ko ina wurin, ke za ki amsa."

Darasi: Tambayar da ake maimaita maka a asibiti ba raini ba ne, rai ake tsarewa. Manya, ku bar mara lafiya ya yi magana da bakinsa. Ƙanana, girmama babba bai kai a ɓoye abin da zai kashe mutum ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mai irin halin Alhaji a gidanku.