Ƙanƙarar Jatau

Gwaggo Ladingo ce ta fara ba ni labarin nan muna tsintar wake, ita kuma mijinta ne ya karanta mata a wani tsohon littafi da gara ta ci rabinsa.

An ce a wani zamani an yi wani farke mai suna Jatau, ya sauka a birnin Ƙwarin Gawo. Mutum ne mai fama da ƙwannafi, kullum da 'yar kanwa a bakinsa yana tsotsa. Wata rana a kasuwa ya tofo ta a tafin hannu ya jefa aljihu, Kande mai ɗanwake ta gani. To, kowa ya taso yana jin cewa maye ƙanƙara yake ajiyewa a ciki, ga kuma ƙyanda tana ta kwantar da yara. Da azahar aka ce ƙanƙara ɗaya ya amayo, kafin la'asar ta zama bakwai, har da mai tafiya da kanta. Mata suka yi ta faɗuwa suna kiran sunansa, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba.

Aka ja shi fada ana cewa a ƙone shi. Jatau ya durƙusa yana kallon itacen da ake tarawa, yana ta mamakin laifinsa.

Sarki ya ce, "Waziri, me ka gani?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, an ce wani mutum ya sheƙa a guje cikin kasuwa don jakinsa ya kwance. Na kusa da shi ya bi, kasuwa ta watse, aka tattake mutum uku. Duk wanda aka tambaya me ya koro shi, sai ya nuna na gabansa. A ba ni izini in nemo na gaban."

Waziri ya bi mutane ɗai-ɗai. "Da idonka ka gani?" "A'a, wance ce ta faɗa mini." Har magana ta tsaya kan Kande.

Aka zazzage aljihun Jatau, wani ɗan farin abu ya faɗo, taro ya ja baya. Waziri ya ɗauka ya miƙa mata, ya ce, "Lasa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yana ƙanana ne!"

Waziri ya lasa da kansa, sannan ta runtse ido ta ɗanɗana. Can ta ce, "Af! Kanwa ce. Mai kyau ma, irin wadda nake nema wa ɗanwake."

Sarki ya yafa wa waziri alkyabba, ya roƙi Jatau gafara, ya sa Kande ta bi gida-gida da kanwar tana warware abin da ta ƙulla. Ku dai ku riƙe wannan: kafin ku ɗauko itace, ku tambayi wanda ya gani.

A lokacin da Gwaggo ta ba ni labarin nan akwai wata tsohuwa a lungunmu, Iya Hassu, da ake ce wa mayya, an hana mu ko bi ta ƙofarta. Washegari na dama kunun kanwa na kai mata. Na yi sallama sau uku kafin ta amsa. Ta ce ba rashin ji ba ne, shekara huɗu ke nan ba a yi mata sallama ba, ta zaci da maƙwabta ake.