Bunsuru da Motar Ragi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

A wani gari akwai Bunsuru, manomin tumatir. Bai taɓa sayen ko allura ba sai an yi masa ragi. Wata shekara gonarsa ta yi kyau, masu motocin haya suka tsuga masa kuɗi, sai ya ce gara ya sayi akori-kura tasa, ya riƙa kai kayansa birni.

Masu sayar da motoci biyu ne a garin, Kunkuru da Dila. Bunsuru ya fara zuwa wurin Kunkuru, ya ga wata farar mota mai lafiya, an manna kuɗinta a gilashi.

Ya ce, "Baba, nawa za ka bari?"

Kunkuru ya ce, "Abin da ka gani a rubuce."

"To, in taya?"

"Ba a tayi a nan. Haka zan sayar wa Zaki, haka zan sayar maka."

Bunsuru ya ji kamar an zage shi. Ya kaɗa gemu, ya wuce wurin Dila.

Dila ya shimfiɗa masa darduma, ya kawo shayi, ya nuna masa mota irin waccan sak, ya faɗi kuɗi ninki biyu. Bunsuru ya gyara zama, ya taya.

Dila ya ce, "Albarka, ranka ya daɗe. Amma bari in shiga in roƙi maigida."

Alhali babu wani maigida. Sai ya zaga baya, ya cire safayar taya, ya dawo ya ce maigida ya rage.

Bunsuru ya ce bai isa ba. Dila ya sake zagawa, ya ɗauke jak ɗin ɗaga mota. Bunsuru ya miƙe kamar zai tafi. Dila ya riƙe masa riga, ya zaga, ya sauya sabon batir da tsoho, ya dawo yana share ido.

Ya ce, "An sallama. Yau ka kashe mu."

Kuɗin ya sauko ƙasa da na Kunkuru kaɗan. Bunsuru ya biya, ya shiga gari yana matsa hon.

Da safe ya yi lodin tumatir har sama, ya kama hanya. A tsakiyar daji taya ta fashe. Ya nemi safaya, babu. Wani Jaki mai mota ya tsaya zai ara masa tasa, aka nemi jak, babu, na Jakin kuma ya karye. Da ƙyar suka ɗaga motar da itace da duwatsu. Aka gama, Bunsuru ya murza makulli, shiru. Kafin a samo batir, rana ta dafa tumatirin, ruwansa na ɗiga a kan kwalta.

Ya koma wurin Dila a fusace. Dila ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ciniki muka yi. Kana ragewa, ina ragewa."

Bunsuru ya juya. Ya koma gida, ya sayar da rabin gonarsa ya biya leburorin da suka yi masa aikin tumatirin.

Shi ya sa in za ka sayi abu, da tayi ko ba tayi, ka duba abin da ke shiga hannunka kafin ka yi murnar abin da aka rage maka.

Ƙurunƙus, kan tsohuwar taya.