Takin Dattijo Barnaba

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke gefen Zango, a ƙasar Daura, ana ce masa Dattijo Barnaba. Yawancin mutanen ƙauyen Musulmi ne, sai 'yan gidajen Kirista kaɗan da ƙaramar majami'arsu ta ƙasa mai rufin kwano. Barnaba dattijo ne a wannan majami'a.

In ana addu'a, muryarsa ce ke danne ta kowa. Zai rufe ido ya ɗaga hannu, ya yi ta ja har sai ƙafafun tsofaffi sun soma rawa. Amma ku je gidansa neman garwashin wuta, sai ya tambaye ku yaushe za ku dawo da shi. Ni dai ban taɓa jin mutum mai zaƙin baki da baƙar rowa irinsa ba.

Ƙanensa Ayuba ya rasu, ya bar matarsa Kyauta da yara ƙanana, da gona guda da ke manne da ta Barnaba. Wannan gonar ita ce abincin marayun, ba su da wani abu bayanta.

Ko makoki ba a gama watsewa ba, idon Barnaba ya sauka a kanta.

Da dangi suka zauna, sai ya gyara murya ya ce, "Ni ba don kaina nake magana ba. Gonar kakanninmu ce, kada ta mutu a hannun mace. A bar wa Kyauta ita daminar bana. In amfani ya nuna, dattawa su je su duba. In ta riƙe, ta riƙe. In ta kasa, a ba wanda zai iya."

Kowa ya san wane ne "wanda zai iya". Amma Baba Ɗanlami, babban dangi, ya ga maganar ba ta da wurin kamawa, sai ya amince.

Bayan an tashi, Barnaba ya tare Kyauta a bakin zaure. Ya ce, "Ki sauƙaƙa wa kanki, ki miƙo gonar tun yanzu. Ba ki da miji, ba ki da babban ɗa. Wa gare ki?"

Ta ce, "Ina da Mai tsarona, Yaya."

Ya yi wata 'yar dariya ta raini. Ya ce, "To ki gaya wa Mai tsaron naki ya sayi fartanya. In damina ta faɗi ya zo ya yi miki noma."

Ku ji fa, wannan bakin ne ke jan addu'a ranar Lahadi.

Duk manomi ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ɗan tsiro ne mai kyakkyawan fure ja-ja, amma a ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar gero ko dawa ya tsotse ta, gero ya tsaya a tsugune har ya bushe. Irinsa kuwa kamar ƙura yake, ido ba ya ganinsa. Shi ya sa in an tuge shi ake tarawa a ƙone.

Da kakar da ta gabata, tun Ayuba na kwance ba lafiya, an yi ta ganin Barnaba yana bin gonakin mutane yana tsince busasshen ƙuduji yana cusawa a buhu. In an tambaye shi sai ya ce taimako yake yi, zai je ya ƙone. Har yabonsa aka yi. Ashe bai ƙone ko tsinke ba. A bayan rumbu ya ɓoye abinsa, yana jiran ƙanensa ya cika.

Da rani ya yi nisa, lokacin kai taki gona, sai ya raba takin garkensa gida biyu. Ya murje ƙudujin nan kaf, ya cuɗa shi da tsibi ɗaya. Kuma tsibin da ya fi kyau ya zaɓa, baƙi wuluk, don kada kowa ya yi zargi.

Ranar Lahadi ya miƙe a gaban jama'a, ya dafa ƙirji ya ce, "Ubangiji ya taɓa zuciyata game da gwauruwar ƙanena. Na ba ta rabin takina kyauta."

Majami'a ta ɗauki tafi. Wata tsohuwa har da hawaye.

Mutum ɗaya ce ba ta tafa ba, matarsa Rifkatu. Shekara da shekaru tana zaune da shi, ya koya mata cewa ko ƙanzon tukunya ba a bayarwa. Da suka koma gida ta ce, "Maigida, lafiyarka kuwa? Takin da ya fi kyau za ka kwashe ka ba wata?"

Ya ce, "Ba ruwanki. Ki dai gaya wa Kalilu mai amalanke ya kwashe tsibin bayan rumbu ya kai mata. Ni zan tafi kasuwar Mai'aduwa, daga can in wuce Daura, sai na kwana biyu."

Da gangan ya shirya tafiyar, don kada a ce an gan shi kusa da takin. Bai gaya wa Rifkatu sirrin ba, domin shi ko matarsa bai yarda da ita ba. Da ya dawo ya tarar an share bayan rumbu tas, an kai nasa takin gonarsa har an baza. Ya kwanta yana murmushi, ya daina ko bi ta wajen gonar Kyauta.

Ita kuwa Kyauta, wata masifar ce ta same ta. Hadari ya fara haɗuwa, mutane sun soma binne, wato shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko. Ta buɗe rumbu za ta ɗauko damin irin da Ayuba ya ware da hannunsa, sai ta tarar gara ta shiga ta ƙasa ta cinye shi. Abin da ya rage bai wuce ƙasa da ƙaiƙayi ba.

Ta zauna a gindin rumbun ta yi kuka mai isarta.

Mahaifiyarta, Iya, ta zo ta gani, ta kama haɓa. Iya tana zuwa majami'a, amma ba ta gama sakin tsoffin hanyoyi ba. Ta ce, "Wannan ba gara ba ce, hannu ne. Mutumin da bai taɓa ba kowa ruwan sha ba, rana ɗaya ya ba ki taki? Tashi mu tsallaka iyakar ƙasa, akwai wani boka da na sani. Zai ba ki abin da za ki binne a kusurwar gona, duk wanda ya nufe ki da sharri ya koma kansa."

Kyauta ta ce, "Iya, ni ma jikina bai ba ni wannan kyautar ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba."

"To tashi mana."

"Ba zan je ba. Na faɗa a gaban Yaya cewa ina da Mai tsarona. In na je wurin boka, na nuna ƙarya na yi ke nan. In Yesu bai isa ya tsare gonar nan ba, ƙullin tsumma ba zai tsare ta ba."

Iya ta ce, "In aka ƙwace fa? Me yaran nan za su ci?"

Kyauta dai ba ta je ba. Da safe ta tafi gonar, ta durƙusa a tsakiyarta ta ce, "Ya Uba, ban san abin da ake ƙulla mini ba, kai ka sani. Ga gonar, ga marayun. Na bar su a hannunka."

Tana tashi sai ga Malam Kalilu, maƙwabcinsu Musulmi, mai amalanken shanun da ke kai wa mutane taki. Ya ji labarin garar. Ya ce, "Maman yara, irin gerona na riga na binne shi duka. Amma ina da ragowar irin gyaɗa mai kyau. Ki aiko a ɗauka, ba sai kin mayar ba. Ayuba mutumin kirki ne."

Ba gyaɗa take so ba, gero take so, don shi ne tuwo. Amma abin da ya samu ke nan. Ta karɓa ta yi godiya, ruwa na sauka ta shuke gonar da gyaɗa daga wannan kai zuwa wancan.

Da labari ya kai kunnen Barnaba, saura kaɗan ya haɗiye harshensa. Domin ƙudujin gero ba ya kama gyaɗa, ko ya tsiro ba ya samun abin tsotsa, a nan ƙasa yake mutuwa. Ya zo har gida yana huci ya ce, "Wa ya ce ki shuka gyaɗa? Gonar gero ce tun kakanni."

Ta ce, "Gara ce ta cinye irin, Yaya."

Wato wahalar da ya sha ta bin gonaki yana tsintar mugun abu, gara ta rushe ta ba tare da ta san da zamansa ba.

Amma wannan somin-taɓi ne.

Damina ta yi kyau. Gyaɗar Kyauta ta rufe ƙasa, kore shar. Geron Barnaba kuwa da ya kai gwiwa sai ya ƙi gaba. Ganye ya yi rawaya, ya nannaɗe. Ba a jima ba jan fure ya ɓarke a gonar ko'ina, har masu wucewa a kan babur suna rage gudu suna kallo. Ba a taɓa ganin ƙuduji irin wannan a ƙauyen ba.

Barnaba ya sa 'yan ƙwadago su tuge, kafin su kai ƙarshen kunya na baya ya sake fitowa. Ya je wurin Baba Ɗanlami yana lallaɓawa, wai a ɗaga zuwan dattawa sai baɗi. Baba Ɗanlami ya ce, "Kai ka sa lokacin. Za mu zo."

Ranar da aka sa, dattawa suka fito, da fasto, da Kyauta da Iya, Rifkatu na biye. Malam Kalilu yana gonarsa, shi ma ya matso. Hanyar gonar Kyauta kuwa dole sai an ratsa ta Barnaba. Aka ratsa a hankali, jan fure na shafar ƙafafun wandunansu.

Da suka isa iyaka suka ga gyaɗa, Baba Ɗanlami ya tuge gindi ɗaya, ya ɗaga shi, 'ya'ya sun yi nauyi. Ya ce, "To, wannan dai an riƙe ta."

Mai kunya da ya yi shiru a nan. Barnaba ba ya cikinsu.

Ya nuna Kyauta da yatsa ya ce, "Ku tambaye ta abin da ta yi wa gonata. Uwarta ta san bokaye, kowa ya sani. Ta yaya iyaka ɗaya, nata ya yi kyau nawa ya ƙone? Asiri ne. Ni da na ba ta taki, da wannan za ta saka mini?"

Zargin asiri a ƙaramin ƙauye ba wasa ba ne, yana iya raba mace da gona da majami'a gaba ɗaya. Kyauta ta sunkuyar da kai, leɓunanta na motsi.

Sai Rifkatu ta shigo don ta taya mijinta. Ta ce, "Ƙwarai asiri ne, Baba. Gonar nan tamu ba abin da ta rasa. Taki biyu ta sha bana. Har wanda ya ce a kai wa Kyauta, amalanke ɗaya kawai na bari aka kai mata don idon mutane, sauran duk na sa Kalilu ya juye a tamu. Baƙin taki mai kyau, na bayan rumbu. Ta yaya gonar da ta sha wannan za ta lalace in ba hannu?"

Malam Kalilu ya ce, "Haka aka yi. Ni na kwasa, kuma abin bai yi mini daɗi ba."

Barnaba ya juyo ya dubi matarsa, idonsa ya yi ja. Ya manta da fasto, ya manta da dattawa. Ya ce, "Na bayan rumbu? Kin kashe ni, Rifkatu. Wa ya aike ki? Ai a cikinsa na zuba ƙudujin!"

Sai da maganar ta fita ya ji ta da kunnensa.

Fasto ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Iya ta dubi 'yarta, ta dubi jan furen, ta kama bakinta. Barnaba ya soma, "Abin da nake nufi shi ne..." amma babu abin da yake nufi, kowa ya riga ya ji.

Baba Ɗanlami ya ce, "Gona ta Kyauta ce da 'ya'yanta, daga yau ba mai sake tayar da maganar. Kai kuma, da bakinka ka ce wanda ya kasa riƙe gonar kakanni a ba wanda zai iya. Ga taka nan muna gani."

Barnaba ya durƙusa cikin ƙudujinsa, babban mutum da furfura, yana kama ƙafar wandon Baba Ɗanlami. Ni da ina wurin, da na ce a karɓe. Amma Kyauta ta ce, "Baba, a bar masa. Yaransa ba su yi laifin komai ba, kuma tawa ta ishe ni."

Ta karɓi gindin gyaɗar daga hannun Baba Ɗanlami, ta kakkaɓe ƙasar, ta ajiye a gaban Barnaba.

Ta ce, "Yaya, ka ce in gaya wa Mai tsarona ya sayi fartanya. Na gaya masa. Noman ni ya bar wa, shi gadi ya yi."

Darasi: Ba sai ka san abin da maƙiyi ke ƙullawa ba kafin Ubangiji ya tsare ka. Kyauta ta yi kuka a kan irin da gara ta cinye, ba ta san ta nan ne ake kare ta ba. In tsoro ya kama ka, kada ka gudu wurin boka, kada ka rama, ka durƙusa ka miƙa wa Yesu abin da kake tsoron rasawa. Kai kuma mai dogon Amin ranar Lahadi da buhun mugunta a bayan rumbu, ka sani a gonarka zai tsiro. Ku tura wannan labari ga wani wanda aka taso shi a gaba, ya san ba shi kaɗai yake ba.