Yadda Gizo Ya Raɗa wa Yunnan Suna

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata shekara yunwa ta kori Gizo har ƙasar Sin. Jama'a ilimi suke zuwa nema can, shi kuwa abin kaiwa baka ya kai shi. Yana cikin gararamba sai ya faɗa wani kwari a bayan wani dogon dutse, ta kudu. Ga shinkafa, ga ayaba, ga ganyen shayi, ba mai tsaro! Ya ci, ya ci, har mazagin wandonsa ya tsinke. Ya rantse ko ƙuda ba zai ji labarin wurin nan ba.

To, ƙiba ba ta ɓoyuwa. Kura ta tare shi ta tambaye shi inda yake samun wannan ƙoshi. Gizo ya ɗaga kai, ya ga gajimare a kan dutsen, ya tuna da na ƙasarmu da ba ya zama, yanzu yana Gaya, an jima yana Gumel. Sai ya ce, "Kudu da gajimaren can."

Kura ta wuce, ya bi ta da gwalo. Biri ya tambaya, ya faɗa masa haka. Kunkuru ya tambaya, ya maimaita, har da addu'ar Allah ya kiyaye hanya. Ya faɗi yana birgima don dariya, wai kafin su isa iska ta kwashe alamar.

Wawa! Gajimaren dutsen nan zaunanne ne, kamar hula a kan mai ita. Gobe yana nan, jibi yana nan. Hankalin Gizo ya tashi. Ya roƙe shi ya matsa, bai matsa ba. Ya zage shi, ko gezau. Ya yi ta fifita da faifai har hannuwansa takwas suka sage.

Ya ruga kwarin, ya tarar Kura da Biri sun gayyato dangi, har Kunkuru ya iso yana ɓare ayaba. Kura ta ce, "Ku gaida Gizo mai gaskiya!" Wallahi wannan kirari ya fi asarar shinkafar yi masa ciwo.

Mutanen Sin suka ji ana kiran wurin "Kudu da Gajimare", suka ce sunan ya dace. A harshensu "yun" gajimare ne, "nan" kuwa kudu. Ka ji Yunnan.

Saboda haka, yara, abin da Allah ya shimfiɗa wa kowa, rowa ba ta naɗe shi.

Ƙungurus kan kusu, ƙaryar ta Gizo ce, ba tawa ba.