Rawani da Likkafani

A can zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace, an yi wani sarki mai zafin hukunci da ya gaji wata al'ada daga kakanninsa. Ran da aka naɗa waziri, sai a kai masa rawani haɗe da likkafani. A zauren gidansa ake rataye likkafanin, don ya san ran da shawararsa ta ɓata wa Sarki rai, a ciki za a naɗe shi.

Waziri Gwadabe ƙato ne ƙaƙƙarfa lokacin da ya hau, amma kullum zai tafi fada sai ya bi ta ƙarƙashin farin ƙyallen nan. Sannu a hankali abin ya fara cin sa. Yana zaune lafiya lau sai gabansa ya yanke ya faɗi, zuciya ta hau dukan uku-uku, gumi ya jiƙa riga, numfashi ya tsaya a maƙoshi. Ciki kamar an zuba masa barkono. Barci ya ƙaurace, tuwo ya ƙi wucewa. Kai, kafin shekara ta zagayo mutumin nan ya koma kamar karan dawa!

Sarki ya dube shi ya ce, "Wannan sammu ne. Wa ke dafa masa abinci?"

Fadawa, da ba su taɓa rasa ta cewa ba, suka ce, "Matarsa Tabawa, Allah ya ba ka nasara."

Sarki ya sa aka ɗaure ta, ya yi rantsuwa in wata ya tsaya Waziri bai warke ba, hauni zai sare ta.

Wayyo Gwadabe! Ya san Tabawa ba ta da laifin komai. To amma da wane baki zai ce wa Sarki tsoronsa ne ke kashe shi? Sai fargaba ta ninku, jiki ya ƙara lalacewa, kuma duk ramar da ya yi, takobi ne ke matsowa wuyan matarsa.

Aka kira Malam Yusha'u, babban masanin magani na ƙasar. Yana riƙe da hannun Waziri sai aka busa kakaki daga fada, ya ji jijiyar hannun ta zabura. Malam ya nufi Sarki ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, a gaya wa Waziri an tuɓe shi. A kai shi ƙauye, Tabawa ta dafa masa, dogarai na tsaron ta."

Aka yi haka. Gwadabe ya ci tuwo har da neman ƙari, ya yi barci har da minshari, kumatu suka fara dawowa. Malam ya shaida wa Sarki cewa jin kakakin fada ne ke tayar da ciwon, ba abinci ba. Amma Sarki ya ce sai ya gani da idonsa. Malam ya roƙe shi ya bari jikin ya ƙara ƙwari, ina, ya ƙi. Ya zo ya laɓe bayan danga, ya sa aka busa kakaki.

Nan take ƙwaryar fura ta suɓuce daga hannun Gwadabe. Ya dafe ƙirji ya kife, yana kakarin amai.

Sarki ya fito ya ce, "Gwadabe, wa ya yi maka haka?"

Gwadabe ya ɗago da ƙyar ya ce, "Zaki, ka kashe ni in ka so, amma ka saki Tabawa. Ba guba na ci ba. Tsoronka nake kwana da shi, nake tashi da shi."

A wurin Sarki ya saki Tabawa, ya kori fadawan da suka yi mata ƙazafi, ya soke al'adar kakanninsa har abada. Ƙasa ta zauna lafiya. Sai dai Gwadabe bai ƙara tashi daga faɗuwar nan ba, ko kaka bai gani ba.

Da manzon Sarki ya zo gaisuwa, Tabawa ta ce, "Ka ce wa Sarki na gode da wuyana. Ka kuma gaya masa mijina ya fara warkewa, kuka zo kuka busa."