Murfin Tankar Abdulgafar

Akwai wani maƙeri a garin Tanut mai suna Jika, dattijo ɗan shekara saba'in da ɗoriya, wanda Allah Ya jarrabe shi da son sanin yadda aka yi abu. In ka ba shi aron tocila sai ka tsaya a kansa, don kana juya baya za ka dawo ka tarar ya kwance ta yana leƙen cikinta. Mutanen unguwa sun san halinsa kuma sun yafe masa, saboda daga Tanut har Belbeji babu mai ƙera hauya da gatari irin nasa.

Jika bai haifi ɗa namiji ba. Ɗan ƙanwarsa Rabi, wato Abdulgafar, shi ya riƙe tun da mahaifinsa ya rasu. A maƙerar Jika ya koyi riƙe guduma da awartaki, a nan ya koyi gane zafin ƙarfe daga launinsa. Da ya zama saurayi ya tafi Aljeriya, ya yi shekara shida yana aikin walda. Ya dawo da injin walda, da abin awo mai nuna milimita, da wani sabon hali.

Ya buɗe wurin aikinsa a tsakar gidan mahaifiyarsa, ya ɗauke ƙafa daga maƙera. In wani ya kira shi maƙeri sai ya ɓata rai ya ce, "Ni teknisiye ne." Ko kalmar Kawu ya daina furtawa. In ya haɗu da Jika cikin mutane sai ya ce, "Tsoho, ina wuni," ya wuce.

Wannan abu yana cin Jika a rai ƙwarai. Bai gaya wa kowa ba, amma yana ganin ɗan da ya rena yana sulale masa daga hannu, kuma bai san ta inda zai riƙo shi ba.

Wata rana Rabi ta zo maƙera tana mita.

"Yaya, ka zo ka ga abin da ɗanka yake yi min a gida. Ya cika min tsakar gida da tsofaffin gangunan mai da ƙarafan mota, ko wurin shanya babu. Wai tankar yaƙi zai ƙera, irin ta zamanin Yaƙin Duniya. A salula ya ga wasu Turawa suna yi a gidajensu."

Jika ya ajiye guduma. "Tankar yaƙi kika ce?"

Rabi ta zo ne don a tsawata wa ɗanta, sai ga shi ta tayar da wani mai ciwon. Mahaifin Jika da Rabi yana cikin waɗanda Faransawa suka kwasa zuwa wancan yaƙi. Da ya dawo yakan ba su labarin wata mota ta ƙarfe zalla, wadda ba ta da taya, tana shimfiɗa wa kanta hanya da sarƙa tana naɗewa. Jika ya yi shekara sittin yana juya maganar nan a kansa. Yaya mota za ta shimfiɗa hanya kuma ta naɗe ta a lokaci guda?

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya ɗauki sandarsa ya tafi gidan Rabi, ya zauna a kan wani turmi da aka kifa, yana kallo.

Gaskiya aikin abin kallo ne. Abdulgafar ya tsaga ganguna ya miƙe su, ya yi gangar jiki. Ya samo injin wata tsohuwar a-kori-kura ya dasa a ciki. Bakin bindiga kuwa bututun ruwa ne, har jandarmomi da ya je ya sanar da su suka zo suka leƙa cikinsa, suka yi dariya, suka ce ya ci gaba. Sarƙar tafiya ita ta fi cin lokaci, wata huɗu yana haɗa ta gaɓa-gaɓa.

Ranar da Jika ya ga an ɗaga gefe guda an juya sarƙar, ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Ashe haka ne! Ashe zobe ce, ba ta da farko ba ta da ƙarshe! To wannan ƙaramin faifan mai haƙora, shi ke jan ta? In yashi ya shiga tsakaninsu fa?"

Abdulgafar bai ko ɗago kai ba. "Tsoho, wannan ba hauya ba ce. Ka matsa, tartsatsi zai ƙona maka riga."

Jika ya koma kan turminsa. Maganar ta yi masa zafi, amma washegari ya sake dawowa da wasu tambayoyin. Me ya sa gaban ya karkace? Ta ina mai tuƙi zai ga hanya? Ta ina hayaƙi zai fita? Abdulgafar yakan amsa ɗaya da gatse, ya bar uku a ƙasa.

A tsakiyar lokacin sanyi aka zo kan murfi, wato ƙofar sama da mutum zai shiga ya rufe. Abdulgafar ya yanka shi daga faifan ƙarfe, ya goge gefensa kwana uku, ya saka shi cikin wani zobe mai kauri. Murfin ya zauna daram. Ya kira abokansa ya ba su reza ya ce wanda ya iya cusa ta a tsakani ya gwada. Babu wanda ya iya.

Jika ya taso ya shafa gefen murfin da yatsa, ya shafa zoben.

"Aiki ya yi kyau. Amma ba ka bar masa wurin motsi ba. Yanzu sanyi ake yi. In bazara ta zo..."

"Milimita ce nan," in ji Abdulgafar, yana kaɗa abin awonsa. "Mu ba ma awo da yatsa. Don Allah tsoho ka koma wurin gawayinka, ka bar ni in yi aiki."

Abokan suka kwashe da dariya. Jika ya ɗauki sandarsa ya fita, kuma bai sake komawa gidan ba. Ya gaya wa Rabi ƙafa ke damunsa. Ƙarya yake yi, zuciya ce.

Aka yi wa tankar fenti ruwan ƙasa, aka gwada ta a tsakar gida da sassafe sau biyu. Sai cikin watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasarsu ta Damargu ke hana jaki kuka, Abdulgafar ya sanar cewa ranar kasuwa zai fito da ita filin da ke bayan kasuwar dabbobi.

Jika ya rantse wa kansa ba zai je ba. Da hantsi ya ji ƙarar inji da ihun mutane. Ya daure, ya ƙara gawayi a wuta. Ya sake daurewa. Daga ƙarshe ya tura ƙaramar gudumarsa cikin aljihu kamar yadda ya saba, ya ce bari dai ya leƙa daga nesa ya ga yadda sarƙar za ta yi da yashi.

Sarƙar kuwa ta yi abin mamaki. Tankar tana tafiya tana huci, tana barin sawu biyu a bayanta. Fulani da Buzaye suka bar raƙuma da shanu suka kewaye filin, kowa ya ɗaga salula. Abdulgafar yana ciki, ya rufe murfi, yana kallon hanya ta wata 'yar tsaga da ba ta fi faɗin yatsa biyu ba. Duk zagayen da ya yi sai a ce ya ƙara, shi kuma daɗin tafi ya hana shi tsayawa. Jika yana bayan mutane a gindin aduwa, yana murmushi shi kaɗai, don duk da komai ɗansa ne ya ƙera abin nan.

Rana ta take tsaka, injin ya mutu. Mutane suka jira mai tanka ya fito su ɗaga shi sama. Shiru. Sai aka fara jin bugu daga ciki, da wata murya ta tsagar nan.

"Murfin ya ƙi! Ku buɗe min!"

Da farko dariya aka yi. Wasu samari biyu suka hau sama suka kama mariƙin, suka sake shi da sauri suna yarfa hannu, don ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Suka naɗe hannu da tsumma suka ja, ko gezau. Wani ya kawo dagi yana neman inda zai cusa, babu wuri. Wani ya hau da gatari yana sara, murfin ya lotsa, ya ƙara cijewa. Wani ya ce a ɗauko injin yanka, aka tuna masa babu kuran, wato wutar lantarki, a fili, kuma ga man fetur a ciki tare da mutum.

Bugun ciki ya fara rauni. Rabi ta ratso mutane ba mayafi. Abdulgafar ɗan farinta ne, bisa al'ada ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi. Ranar ta manna baki a jikin tsagar ta ƙwala, "Abdulgafar! Abdulgafar, amsa min!" Duk wanda ya san ta sai da jikinsa ya yi sanyi.

Jika ya riga ya bar gindin aduwa, amma ba wajen tankar ya nufa ba. Wurin Ummu ya je, wata mai sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara a bakin kasuwa.

"'Yata, ɗauko duk ƙanƙarar da kike da ita ki biyo ni."

Ummu ba ta tambayi komai ba, ta ɗora kular ƙanƙarar a ka. Aka tallafa wa Jika ya hau tankar. Ya kori mai gatari, ya kwance rawaninsa ya tsoma a ruwa, ya shimfiɗa a kan murfin, ya jera ƙanƙara a kai. Wani ya ɗaga bokiti zai sheƙa wa tankar gaba ɗaya, Jika ya daka masa tsawa.

"Kul! Murfin kaɗai! Rana ta kumbura shi, shi muke so ya tsuke. In ka sanyaya zoben, tare za su tsuke, mun koma inda muke."

Ya sunkuya ya kai baki wajen tsagar. Daga ciki aka ce, da ƙyar, "Kawu... Kawu, ka yafe min."

"Yi shiru, ka rage numfashi. Kwanta ƙasa, can ya fi sanyi. Ina nan."

Sai ya zauna yana jira. Wannan jiran shi ya fi komai wuya. Mutane suna ta ihu a fasa, a sara, tsohon nan zai kashe shi. Shi ma Jika tsoro ya cika shi, amma bai bari kowa ya taɓa ƙarfen ba. Ƙanƙara tana narkewa, Ummu tana miƙo wata. Can sai ya ji murfin ya yi 'yar ƙara, ƙas, irin wadda ƙarfe ke yi in yana hucewa. Ya ciro gudumarsa ya bi gefen yana ƙwanƙwasawa a hankali, kunnensa a ƙasa, har ya iso inda sautin ya canza. Ya buga wurin da ƙarfi sau ɗaya.

"Yanzu ku ja."

Murfin ya ɗago, wani hucin zafi ya bugi fuskokinsu. Aka zaro Abdulgafar a sume, tufafinsa sharkaf, aka ɗora shi a sareti, wato amalanke, zuwa gidan likita. Kwana biyu ana yi masa ƙarin ruwa kafin a sallame shi.

Ranar da ya dawo gida Jika ya je dubiya. Ya tarar da Rabi a tsakar gida ta riga ta aika a kira masu sayen tsohon ƙarfe.

"Yaya, yau za a yanka la'ananniyar nan gunduwa-gunduwa. Saura kaɗan ta ci min ɗa."

"A'a Rabi, ba za a yanka ba," in ji Jika. "Kin ga sarƙar nan? Shekara hamsin da biyar ina ƙira, wallahi ban iya yin irinta ba. Abin da Baba ya ba mu labari, yaron nan ya nuna min shi da idona. Kuskure ɗaya ya yi, kuma yana gyaruwa."

Abdulgafar yana kwance a ɗaki, ƙofa a buɗe. Ya zaci gori zai ji. Abin da ya ji ya fi gori nauyi, ya juya fuskarsa bango.

Ranar kasuwa ta zagayo. Jika yana maƙera, manoma sun cika rumfar suna jiran gyaran hauya kafin damina. Sai hayaniya ta taso daga bakin hanya. Abdulgafar ne, ya ɗora lotsattsen murfin nan a ka, ya ratso tsakiyar kasuwa da shi a ƙafa, mutane suna nuna shi suna dariya. Ya iso bakin rumfa, ya tuɓe takalmi, ya sauke murfin, ya durƙusa.

"Jama'a ku shaida," ya ce. "A nan aka koya min riƙe guduma, na tafi na dawo ina jin kunyar wurin. Ni maƙeri ne, ɗan Jika. Kawu, na kawo aiki, in za ka karɓe ni."

Jika ya dube shi. Hawaye suka zubo masa har gemu, a gaban manoma, bai kuma share ba. Ya jawo murfin da awartaki ya ɗora a kan wuta, ya matsa gefe a kan buzunsa.

"Taso ɗana," ya ce. "Zauna nan kusa da ni ka yi zuga."

Darasi: Sabon ilimi ba ya soke tsoho, kuma wanda ya koya maka na farko bai cancanci raini ba don ka ƙaro na biyu. In babba ya yi maka tambaya a kan aikinka, tsaya ka ji ƙarshen maganarsa, mai yiwuwa ranka ne a cikinta. Kai kuma da aka raina, kada ɓacin rai ya hana ka ceto da faɗin alherin wanda ya raina ka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu sana'ar hannu, ko wani zai tuna da wanda ya fara ɗora masa guduma a hannu ya je ya gaishe shi yau.