Hassadar Yarima Ziyadu

A wani zamani mai nisa, lokacin da ƙasar mutane ke iyaka da ta aljanu, an yi wani sarki a Birnin Zabarjadi ana ce masa Nu'umanu. Yana da ɗa tilo mai suna Ziyadu, saurayi mai ƙirar zaki da zafin nama, sai dai ba ya iya jin an yabi wani a gabansa.

Da rundunar birnin ta dawo daga yaƙin da ta karya matsafan ƙasar Garmasu, sarki ya sa aka yi shela, jama'a suka taru a ƙofar fada don girmama mazajen fama. Aka shimfiɗa dardumai na alharini, aka turara almiski da ambar, aka buga tambura, aka busa kakaki. Waziri na kiran suna, sarki na bayarwa: wani sulke, wani ingarma, mai tabon mashi a ƙirji kuwa a naɗa masa rawani. Ziyadu na tsaye dama da karaga, bai ko yi shakkar cewa babbar kyauta tasa ce ba, domin shi ya sare tutar abokan gaba.

Sai waziri ya ɗaga murya ya ce, "Ina Ukashatu ɗan Madawaki, wanda ya tare bakin mashigin dutse shi kaɗai, har jini ya manne hannunsa da takobi?"

Sarki ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya yafa wa Ukashatu alkyabbarsa, ya naɗa shi Sarkin Yaƙi. Mata suka rangaɗa guɗa, maroƙa suka kama kirari. Ziyadu ya ji kowace guɗa kamar ana soka masa tsinke a kunne. Tare suka tashi da Ukashatu, malami ɗaya ya koya musu sara da suka, amma ga shi yau sai bayan Ukashatu aka kira Ziyadu, aka miƙa masa garkuwar azurfa kawai.

Ya faɗi gaban mahaifinsa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, matsafan da muka karya bayi ne kawai. Ubangidansu shi ne ifiritu Kalkasu. Na rantse ba zan ƙara shan ruwan garin nan ba sai na raba shi da kansa."

Sarki ya ce, "Ɗana, zuciya ce ke magana a bakinka, ba jarumta ba." Amma rantsuwa ta riga ta fita.

Ziyadu ya nausa cikin hamadar da rairayinta ke narka kofaton doki, inda macizai masu fukafukai ke shawagi kamar shirwa. Dokinsa ya mutu, ya ci gaba da ƙafa. Duk sa'ad da ƙishirwa ta kayar da shi, sai ya tuna guɗar nan, ya miƙe. Ya ratsa birnin matsafa mai ganuwar tagulla, inda gumaka ke magana, kawunan mutane ke rataye a bishiyoyi suna kuka, ya kashe babban bokansu, ya ƙwace zoben da ke buɗe ƙofar ƙasar aljanu.

Fadar Kalkasu da jan yakutu aka gina ta a tsakiyar kogin wuta. Da Ziyadu ya shiga, sai ya ga keji biyu na ƙarfe rataye kusa da juna. A ɗaya akwai Gimbiya Lu'ubatu, 'yar sarkin Birnin Marjanu, wadda ifiritun ya sato bayan ya halaka mahaifinta. A ɗayan kuwa Ukashatu ne, ya rame, sarƙa ta ci wuyansa. Ashe sarki ne ya tura shi ya bi sawun ɗansa, aljanu suka sure shi a hanya.

Kalkasu ya taso, kansa na gogar rufin fada, ya yi dariya kamar tsawa. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, na ga abin da ke ƙunshe a ƙirjinka. Ba ni ka zo nema ba. Juya ka koma, ka bar mini wannan in karya kumallo da shi. Ba mai sani, kuma ba mai ƙara shiga gabanka."

Maganar ta yi wa Ziyadu daɗi, har ya juya kamar zai tafi. Sai ya tuna: in Ukashatu ya mutu a nan, har abada sunansa za a riƙa waƙa, kuma wa zai tsaya a baya ya kalli ranar Ziyadu? Ya zare takobi ya ce, "Ya kai la'ananne, wannan ba zai mutu ba sai ya ga an yi mini abin da aka yi masa!"

Suka kacame da yaƙi tun hantsi har la'asar. Ifiritun ya rikiɗa ya zama giwa, ya zama guguwa, ya zama harshen wuta ya ƙone wa Ziyadu kafaɗa. Da ya dawo siffarsa don ya numfasa, Ziyadu ya daka tsalle ya sare wuyansa, kan ya faɗa kogi.

Gimbiya ta riga ta yi alwashin ba za ta auri kowa ba sai wanda ya ɗaukar mata fansar mahaifinta, kuma da murna ta cika shi. Mutanen Marjanu suka ɗaura aure, suka naɗa Ziyadu sarki. Ana tsakar biki ya baza ido cikin taro har ya hango Ukashatu tsaye can baya, ya kafa wa gimbiya ido, fuskarsa ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya sa aka kira shi.

Ukashatu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a kejin nan ni nake ba ta labari in ta yi kuka, ni nake miƙa mata rabon ruwana. Na san hakkinka ne, kai ka cece mu. Amma wallahi tun safe nake jin wani abu na cin hanjina. Ka ba ni izini in koma gida, kada in yi maka mugun ido."

Wannan ne abin da Ziyadu ya ƙetare hamada da wuta don ya gani. Ya jira daɗin ya zo, bai zo ba. Ya ce, "Zauna, ɗan'uwana, in raba maka ƙasar nan biyu."

Ukashatu ya ce, "Ba ƙasa nake so ba."

Ya yi sallama ya fita. Sarki Ziyadu ya daɗe a kan karaga, ya yi adalci, ya ci birane, aka yi masa kirari iri-iri. Amma masu ba da labari sun ce kowace shekara yakan aika manzo Birnin Zabarjadi ya roƙi Ukashatu ya zo, kowace shekara kuma manzon shi kaɗai yake dawowa.